Wokshof na malaman noma: bita ce ko taron ƙara wa juna sani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ana neman sunan Hausa na "wokshof" ɗin da ake shirya wa malaman kimiyyar noma da fasaha waɗanda ke bakin aiki. Wasu na rubuta "taron ƙara wa juna sani", wasu "bita", wasu "horo". Wanne ya fi dacewa?

Malamar kimiyyar noma: Wa alaikumus salam. Malam, a ajiye na farkon tukuna. Shi wannan sunan samina ne: a gabatar da takarda, a yi tambayoyi, a watse. Wokshof kuwa sai kowa ya sa hannu. Ɗauki gwajin tsirar iri. Kowane malami zai ƙirga ƙwayar masara kashi huɗu, kowane kashi 100, ya jera a tsumma mai laima, ya naɗe, ya ajiye a inuwa. Rana ta 4 a yi ƙirgar farko ta ƙwayoyin da suka tsiro, rana ta 7 ta ƙarshe. In ruwa ya yi yawa iri ya rasa iska ya ruɓe, in tsumman ya bushe tsiron ya tsaya, sai a ɗora wa iri laifin da ba nasa ba. Wanda bai taɓa naɗe tsumman da kansa ba, ba zai iya nuna wa ɗalibi iyakar laimar ba. Ni "bita" na zaɓa.

Malamin gona: Malama, na yarda da ke a kan sa hannu, amma bita a kunnen mutane ta littafi ce, a zauna a maimaita karatu. Me zai hana a ce "horo"? Dubi auna injin feshi na goyo. A shata fili mita 10 tsawo, 10 faɗi, a zuba ruwa zalla, a fesa da tafiyar da aka saba, a auna abin da ya ragu. In lita 2 ta tafi, hekta ɗaya za ta ci lita 200 ke nan. Tanki mai lita 16 sai an cika shi sau 12 da rabi. In takardar magani ta ce lita 2 da rabi a hekta, kowane tanki mililita 200 zai samu. Wanda ya sauya saurin tafiya, ko bakin feshinsa ya buɗe saboda tsufa, lissafin nan ya rushe: ko magani ya ƙona shuka, ko ciyawa ta ƙi mutuwa. Wannan ai horo ne.

Malamar kimiyyar noma: Horo na sabon shiga ne, Malam, kuma kalmar tana ɗauke da warin ladabtarwa. Waɗannan malamai ne da suka riga suka san aikin, sake binsa za su yi don ya zauna, su kuma ɗauko abin da ya sauya. Ma'anar bita ke nan. Damuwarka ta littafi mai sauƙin magani ce: a ce "bitar aiki".

Malamin gona: To, wannan ta zauna. Sharaɗina ɗaya: kada a liƙa sunan a taron da babu kayan aiki. In mahalarta 30 ne injin feshi ɗaya, kallo za a yi. A raba su biyar-biyar, kowane rukuni da injinsa, da igiyar awo, da kofin awo.

Mai tambaya: Na gode malamai. Za a rubuta "Bitar Aiki ta Malaman Kimiyyar Noma da Fasaha". Ranar gabatar da takardu kuma a bar mata "taron ƙara wa juna sani".