Ƙanena bai farka ba, amma na'urar yatsa tana nuna 98

Assalamu alaikum, 'yan'uwa, ina neman shawararku. Kwana huɗu ke nan da ƙanena ya faɗi da babur a hanyar Aboabo, kansa ya bugi kwalta, yanzu yana ɗakin kulawa ta musamman a nan Kumasi, na'ura ce ke taya shi numfashi. Abin da aka maƙala masa a yatsa yana nuna 98, amma likita ya ce har yanzu suna tsoron ƙwaƙwalwarsa ta rasa oksijin, kuma da gangan suke sa shi barci. Mahaifiyarmu tana son ta girgiza shi, ta kuma ɗiga masa rubutu a baki. Me zan gaya mata?

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Lambar yatsa oksijin da ke cikin jini kawai take nunawa, ba ta nuna ko jinin yana isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, saboda haka idan ƙwaƙwalwa ta kumbura, matsin ciki yakan danne hanyoyin jini. Nauyinta kusan kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana cin kimanin kashi 20 na oksijin, ga shi ba ta da ma'ajiya. Shi ya sa ake sa shi barci, a hana zazzaɓi da jijjiga, a ɗaga kan gadon digiri 30, domin a rage mata aiki. Inda akwai kayan aiki, akan zura siririyar waya ta ƙoƙon kai a auna matsin, a tashi tsaye in ya haura 22, ko a auna oksijin da ya rage a jinin da ke saukowa ta jijiyar wuya. In babu, da ƙwayar ido da awon jini da hoton kai ake bin lamarin. Ka tambayi makin da ya samu a ma'aunin Gilasgo, wato ma'aunin da ke nuna zurfin suman majinyaci, kafin a ba shi maganin barci: daga 3 ne zuwa 15, kuma 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani.

Amsar wani dattijo:

Ɗana, ka lallashi Hajiya, kada ta ɗiga masa komai, domin wanda ba ya iya haɗiya, in an ɗiga masa ruwa cikin huhunsa yake tafiya. Na zauna jinyar jikana haka. Da izinin masu jinya na riƙa shafa masa rubutun a tafin hannu, ina karanta masa addu'a a hankali kusa da kunne, ban taɓa motsa kansa daga matashin ba.