Kemistiri ta tsaya wa ɗana a wuya, NABTEB za ta fisshe shi?

Assalamu alaikum. Ɗana yana SS2, ajin kimiyya, a nan Sakkwato. Yaron hannunsa na aikin lantarki ne, solar gidanmu ma shi ya haɗa, daga faranti har batir. Lissafi da Fiziks ba laifi, amma Kemistiri ta ƙi shiga kansa, sakamakon zangon nan F9 ya kawo. Na ɗauko masa malamin lesin, kuɗi kawai suka tafi. Na roƙi makaranta ya ajiye ta ya ɗauki darasin sana'a, aka ce ba ya yiwuwa ga ɗan kimiyya. Yanzu har ya fara cewa karatun ya ishe shi, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Don Allah, idan ya rubuta NABTEB (jarabawar kammala sakandare ta ɓangaren fasaha da sana'a) maimakon WAEC, zai iya samun gurbin karanta lantarki a Poli ba tare da kiredit a Kemistiri ba?