Neman sunan Hausa ga kifin da Turawa ke kira pike cichlid

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara wata takardar jagora ta masu kiwon kifin ado a gida, kuma ranar Alhamis zan miƙa ta. Na tsaya a babin tantance nau'i da bambance mace da namiji a kifin pike cichlid, wato Crenicichla a sunan kimiyya, wanda asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne. Danginsu ɗaya da karfasa, sai dai shi dogo ne siriri, bakinsa faffaɗa, kuma ƙananan kifaye yake farauta. Wane suna zan ba shi?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam, Malama. Ina ganin "karfasa mafarauciya" ya wadatar. Ki kuma riƙe "nau'i" yadda kika fara, ki bar wa mace da namiji "jinsi", domin mutanenmu kan haɗa ma'anonin biyu a kalma ɗaya, kuma a wannan babin haɗawar za ta rikita mai karatu. Nau'o'in sun haura 90, an kasa su rukuni-rukuni: 'yan saxatilis masu baƙin tabo a bayan kai da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a jiki, 'yan lugubris manya masu ƙananan ɓawo waɗanda ke sauya kala idan sun girma, da 'yan wallacii da ba su cika wuce santimita 12 ba.

Mai Kiwon Kifi: Malam, sunanka zai ba ta wahala a daidai inda take bukatarsa, domin rabin babin maganar namiji ce. A yawancin 'yan saxatilis, macen da ta balaga cikinta kan yi ja-ja ya ɗan cika, namiji kuwa ya fi ta girma, fiffiken bayansa ya fi tsini, ɗigonsa ya fi yawa. A ƙaramin nau'in regani, mace ce ke da baƙaƙen tabo da farin zobe a fiffiken baya. Yanzu sai ta riƙa rubuta "namijin karfasa mafarauciya" a kowane layi?

Dattijo: Ku huta da wannan jayayya, sunansa "mashin ruwa". Su kansu Turawa daga wani dogon mashi suka samo kalmar pike, saboda tsinin kan wani kifinsu da wannan ya yi kama da shi. Kakanninmu sun ce giwan ruwa, sun ce ragon ruwa, ba su tsaya tambayar dangin kifi ba, kuma har yau ba wanda ya ɓata. Abin da ya fi damuna ma shi ne jin wasu na cewa "akwariyam", kamar Hausa ba ta da tanki ko akwatin gilashi.

Malamin Kimiyya: Ranka ya daɗe, sunan yana da daɗin faɗi, amma mai karatu zai ɗauka makamin da masunta ke sukar kifi da shi ake nufi. Sannan ya yanke alaƙa da karfasa, alhali alaƙar ce ke bayyana halinsa na tsare ƙwai da 'ya'ya da kuma faɗa a kan wurin zama.

Ɗan Jarida: Da izinin Baba, tanki da gilashi su ma aro ne. Ni da "sikilid" zan rubuta kawai, tunda wanda zai nemi ƙarin bayani a intanet da wannan zai samu.

Dattijo: Aron da ya shekara ɗari a bakin mutane ya zama ɗan gida, yaro. Naku kuwa lalaci ne da son a ce kun yi boko. Mutanen Burazil "jakunda" suke ce masa, ba su jira wani ya raɗa musu ba.

Ɗan Jarida: Ba boko ba ne, Baba, masu sauraro ne ke kiran waya su ce ba su gane ƙirƙirarrun kalmomi ba.

Mai Kiwon Kifi: Malama na da aiki a gabanta. Me zai hana a ce "karfasar mashi"? Ana iya cewa namijin karfasar mashi da macen karfasar mashi ba tare da harshe ya harɗe ba. Ki kuma ja kunnen masu karatu cewa ƙanana ba sa nuna jinsi, sai sun balaga, kuma kifin da ya tsorata kalarsa kan dushe har tabon ya ɓace.

Malamin Kimiyya: Na yarda, da sharaɗin sunan kimiyya ya biyo baya a ambato na farko. Ki duba shekarar da aka rubuta takardar, domin a 2023 masana sun raba Crenicichla, suka fitar da Saxatilia da Lugubria da Wallaciia, wato rukunonin nan uku da na ambata, kowanne da sabon sunansa na kimiyya.

Dattijo: Kun ɗauki mashina kun rataya wa karfasa. To, a bar shi haka, amma ni mashin ruwa zan ci gaba da cewa.

Mai Fassara: Na gode, na ɗauki "karfasar mashi". Saura "tankin kifi" da "akwatin gilashi", wanne zan sa a kanun babin?