Neman kalma: wace Hausa za mu ba "print" a darasin kod?

Malamar Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman agajin gaggawa. Ranar Asabar zan fara koya wa 'yan matan sakandare harshen kwamfuta na Python, kuma da Hausa nake rubuta musu takardar darasin. Yawancinsu ba su da kwamfuta a gida, takardar ce za su riƙa bita da ita har wani satin. Dole in kai wa mai shagon kwafi kafin sallar Juma'a.

Ga inda na cije. Akwai sashen da nake bayanin yadda ake aika kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, daga manhajar da ake rubuta shi zuwa firinta, sai na rubuta "ku buga kod ɗinku". To a shafin farko na riga na ce "ku buga wannan layi", ina nufin su danna shi a madannai. Layin da za su danna ɗin kuma shi ne print("Sannu"), wanda ko kusa da firinta ba ya zuwa, a allo yake nuna rubutu. Aiki uku ke nan suna rububin kalma ɗaya. Yarinyar da yau ta fara taɓa kwamfuta za ta ruɗe. Me zan ce?

Mai Kwafi, Titin Emir Yahaya:
Wa alaikumus salam Malama. Mu nan shago abu biyu mutane ka cewa: "a yi min firintin" ko "a gurzo min". Ɗalibban jami'a da na kwalejin ilimi firintin su ka cewa, tsohin ma'aikata kau gurzawa. Ki sa gurza, Hausa ta, kuma kowa ya san ta.

'Yar Rediyo:
Gurza ba za ta yi ba, Malam. Asalinta injin nan ne na makarantun da, mai hannun juyawa, wanda ake ɗaura wa sitensil a gurzo takardun jarrabawa ɗari biyu ko uku. Duk wanda ya ji "gurza" yawa yake ji, shi ya sa yanzu ta koma kan hoton kwafi. Shafi ɗaya da ya fito daga kwamfuta karon farko ba a gurza shi ba. Ni dai "fitar a takarda" nake cewa idan abin ya taso a shiri, kuma ba a taɓa bugo waya an ce ba a gane ba.

Mai Kwafi:
Hajiya, ni ka tsayuwa gaban injin tun sahe har isha'i. Mutum na kawo min filashi shi ce a gurzo mai shahi guda, kuma ina ganewa.

Ɗan Arkilla:
Ku dakata, matsalar ta fi zurfin nan, kuma ba laifin Hausa ba ne. Turancin ne ya zo da ruɗaninsa. A shekarun 1960 mai aiki da kwamfuta ba allo yake kallo ba, wata na'ura ce a gabansa mai kama da keken rubutu, irin Teletype 33 da ta fito a 1963. Duk amsar da kwamfuta ta bayar, a kan takarda take fitowa. Shi ya sa da aka ƙirƙiro harshen BASIC a 1964 aka kira umarnin PRINT, lokacin gaskiya ne. Allo ya zo, takarda ta tafi, sunan ya zauna. Su kansu da abin ya dame su sai da suka ƙara LPRINT a BASIC na Microsoft, domin wanda yake nufin firinta ta gaske. Har yau bai daidaita ba: a Python umarnin allo yake nufi, amma a harshen JavaScript idan ka kira window.print sai akwatin firinta ya buɗe.

Mu da muke farawa yanzu, me zai sa mu gaji ruɗanin wasu? Ga shawarata: takardanta da allonta. Kamar yadda fuska ta ba mu fuskanta, kusa ta ba mu kusanta, nisa ta ba mu nisanta. "Takardanta kod ɗinka." "Wannan layi zai allonta sunanki." Kalma ɗaya ɗaya, ba sa cin wuri a maɓalli, ba sa kama da juna.

'Yar Rediyo:
Tarihin ya amfane ni, na gode. Amma karanta "zai allonta sunanki" da ƙarfi ka ji. Allonta da muka sani shi ne allon wata yarinya. A rubuce ba ma sa alamar karin sauti, to da me mai karatu zai bambance?

Ɗan Arkilla:
Haka nisanta ma ai, Anti, ba ta hana kowa barci ba. Jimla ce ke warwarewa. Kowace sabuwar kalma baƙuwa ce a makon farko. Wa ya san manhaja da ma'anar da muke ba ta yau shekaru kaɗan da suka wuce? Da tsarin karatun makaranta kawai take nufi.

Dattijon Kanwuri:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kunka rubuta, kuma raina bai yi daɗi ba. A ce a Sakkwato, garin Shehu da Bello da Nana Asma'u, garin da anka rubuta litattahwai ɗaruruwa, ɗiyanmu na neman kalmar aikin takarda har sai sun ƙago ta da kansu? Muna da ɗab'i. Muna da maɗaba'a. Malamanmu sun san su tun ba a haihi kakan kwamfuta ba. Ɗiyata Malama, rubuta "ku yi ɗab'in kod ɗinku", na'urar kau ki ce mata maɗaba'a. Wagga firinta da firintin ba Hausa ba ta, kwaɗon Turanci na.

Malamar Mabera:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na karɓi gyara a kan firintin, ba zan sa ta ba. Sai dai ina tsoron maɗaba'a. Yaran nan idan sun ji ta, kamfani suke hangowa mai manyan injuna da ma'aikata, inda ake buga littafi da kalanda. Ni kuwa ɗan akwati nake nufi da ke kan tebur.

Dattijon Kanwuri:
Sai ki koya musu. Mi a amfanin malami in ba shi maido ma yara abin da sunka yar ba?

Baƙon Kano:
Allah ya gafarta Malam, ina da magana, a yi mini afuwa. Ɗab'i ma ai aro ce, daga Larabci ta zo, kamar yadda firinta ta zo daga Turanci. Kuma littattafan su Shehu ba ɗab'insu aka yi ba a zamaninsu, da alƙalami da tawada almajirai suka kwafe su, hannu da hannu. Boko ma da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, "bugawa" jama'a suka kama suna cewa, har gobe kuwa. Ni ina bayan Hajiya: fitar a takarda. Daidaitacciyar Hausa ce, ɗan Zinder zai gane, ɗan Kumasi zai gane.

Dattijon Kanwuri:
Larabci ba baƙo ba na garin ga, ɗana. Shekara nawa muna karatu da shi, muna shari'a da shi, muna rubuta ma juna wasiƙa da shi? Kalmar da ta kwana ɗaruruwan shekaru cikin bakinmu ba ɗaya ta da wadda taz zo jiya cikin kwali ba. Kuma wagga "daidaitacciya" da ku ka ta hwaɗi, wa ad daidaita ta? An ɗauki Hausar Kano an ce ita ta, saura mu bi. In hitarwa za a yi, mu "hidda" mu ka cewa. Malama na koyar da ɗiyan Mabera, ba ɗiyan Fagge ba.

Mai Kwafi:
Nan kam Baba ya yi gaskiya. Ba wanda ka shigowa shagona shi ce "fitar".

Baƙon Kano:
Ban raina Sakkwatanci ba, Allah ya sani, a nan nake cin abinci. Amma yaran nan da daidaitacciyar za su rubuta Hausa a jarrabawar WAEC da NECO. Idan kowane gari ya rubuta darasin kwamfuta da karinsa, ba za mu taɓa tara abin da ɗalibi zai nema a intanet ya samu ba.

'Yar Rediyo:
Ni Basakkwata ce gaba da baya, a gida "hidda" nake cewa, a gaban makirfo "fitar". Ban taɓa jin na zubar da girman garinmu ba. Don Allah mu koma kan tambayar baiwar Allah nan, gobe Juma'a.

Ɗan Arkilla:
Kun ga abin da nake faɗa? Takardanta ba ta Kano ba ce, ba ta Sakkwato ba, ba ta Larabawa ba. Ba wanda zai yi faɗa a kanta.

Dattijon Kanwuri:
Ba mai hwaɗa kanta don ba ta da dangi.

Malamar Mabera:
Jama'a ku yi haƙuri in katse ku, wani abu ya taso da ya shafi sashen kansa. A manhajar VS Code nake rubuta misalan. Na danna madannan Ctrl da P don in gwada matakan da zan koya musu, sai wani ɗan akwatin neman fayil ya buɗe. Na duba jerin umarnin sama kuma ban ga na firinta ba.

Ɗan Arkilla:
Ba ki gani ba don babu shi, Malama. VS Code ba ta zo da umarnin aika rubutu ga firinta ba, sai an saka mata ƙarin manhaja daga rumbunta. Ctrl da P a can buɗe fayil yake yi da sauri. Tunda yara ne masu farawa, ga hanya mai sauƙi: ki buɗe fayil ɗin a manhajar Notepad++, a nan Ctrl da P yana kai wa firinta kai tsaye, yana iya fito da lambobin layi, kuma a saitinsa akwai zaɓin baƙin rubutu a farar takarda. Lambobin layin nan kada ki bar su. Da su za ki ce "ku duba layi na 7" aji duka ya duba wuri ɗaya. Mai kwamfutar da ke aiki da tsarin Linux kuma umarnin lp ko lpr da sunan fayil ya ishe shi.

Abu mafi muhimmanci: a Python gurbin da ke farkon layi ma'ana ne, ba ado ba. Gurbi huɗu aka saba bari. Idan ya goce a takarda, yarinya ta kwafa yadda ta gani, kod ɗin ba zai tashi ba ko ya yi abin da ba a nufa ba. Don haka a yi amfani da salon haruffa masu faɗi ɗaya irin Courier, inda "i" da "m" ke cin wuri daidai. Kuma kada layi ya wuce harafi 79, ƙa'idar da masu Python suka ajiye ke nan. Wanda ya zarce faɗin A4 zai karye ya sauko ƙasa, mai koyo ya ɗauka layi biyu ne.

Mai Kwafi:
In ƙara miki nawa na shago. Ki maishe shi PDF tun gida, shi za ki kawo. Kar ki kawo kod a ce yaron shago shi sake buga shi cikin Word, don Word na lanƙwasa alamun zance, shina maida ƙaramin harahin farkon layi babba, print ta koma Print, kuma na ji masu abin na cewa Python ba ta yarda da haka. Baƙin bayan nan da ku ka so a allo, ki cire shi. Shahi guda nai na shan garin tawadar da za ta yi shahuka da yawa, kuɗinki na ƙaruwa, rubutun kuma bai hitowa da kyau. Na ukku, haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. Wani salon haruffa ba shi da su, sai ki ga ɗan akwati ko alamar tambaya wurin da "ƙ" ta kamata. A gwada shahi guda ki duba da idonki kahin a saki sauran.

Malamar Mabera:
Allah ya saka da alheri, wannan ya cece ni. Akwai "Barka da ƙoƙari" a misali na uku, da ban yi tunanin dubawa ba.

To ga abin da na tsayar, don dare ya yi. Danna kod a madannai zan ce rubuta, na cire "buga" daga takardar gaba ɗaya. Umarnin print zan bar shi yadda yake tunda haka kwamfuta ta san shi, in bayyana shi da nuna a allo, tare da labarin Teletype a layi biyu don su san dalilin sunan. Aika wa na'ura kuma fitar a takarda. Na'urar zan kira ta firinta, don shi ne sunan da za su tambaya da shi a shago. A aji da baki, Baba, "hidda" zan ce, haka bakina ya saba.

Dattijon Kanwuri:
Ban gamsu ba. Jimla kunka ba ni inda nis so kalma. Amma tunda lokaci ya ƙure, ki yi min abu guda: wurin da kalmar taf fara hitowa, ki rubuta cewa malamai na ce ma wanga aiki ɗab'i. Ko yarinya guda ta riƙe ta, an rage asara.

Malamar Mabera:
Na sa, Baba. Layi na biyu a sashen.

Ɗan Arkilla:
Fitar a takarda kalma uku ce, ranar da za a fassara maɓallin manhaja za ku neme ni. Ni zan ci gaba da takardanta a darussan bidiyona. Allonta na janye ta, Anti ta yi gaskiya a kanta.

'Yar Rediyo:
Saura ɗaya ba mu taɓa ba. Ita manhajar da ake rubuta kod ɗin, me kika kira ta? Kada ki ce edita, don edita a wurinmu mutum ne mai tace labarai.

Malamar Mabera:
"Manhajar rubuta kod" na sa, kuma ta yi mini tsawo, sau tara ta fito a shafi biyu. Wanda yake da gajeriya ya turo kafin ƙarfe goma na safe, bayan nan na tafi shago.