Ta yaya ƙasusuwan mutum suka isa ƙasan kogon Hoyo Negro?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum jama'a. A shekarar 2007 masu nutso suka gano ƙasusuwan wata yarinya a Hoyo Negro, kusa da Tulum a ƙasar Mexico, sama da mita 40 a ƙarƙashin ruwa. Ta yaya ta kai wurin? Kuma da me aka gane shekarunta?

Mai Duwatsu: Wa'alaikumus salam. Lokacin da ta shiga, da ƙafa ake tafiya a kogon. Yankin Yucatán, inda kogon yake, dutsen farar ƙasa ne, ruwan sama ke narkar da shi sannu a hankali har ramuka su buɗe. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe teku ya sauka da kusan mita 120, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya bi shi ƙasa. Yankin ba shi da koguna a sarari, don haka mutum da dabba cikin kogo suke neman ruwa. A cikin duhu hanyar ke yankewa a bakin wani rami mai faɗin kusan mita 60. Ƙashin ƙugunta a karye yake, alamar faɗowa ta yi. Daga baya teku ya taso, ruwa ya cika wurin.

Malama Tarihi: Ɗan'uwa, batun shekaru ya ba da wahala, domin ruwa ya cinye sinadarin ƙashin da aka saba aunawa. Sai aka auna daɗewar ɓawon haƙorinta da sinadarin kabon, aka kuma auna ƙwayoyin dutsen da suka tsiro a kan ƙasusuwan ta hanyar sinadarin yuraniyam. Ƙwayoyin sun zo bayan mutuwarta, saboda haka su suka nuna mafi ƙarancin shekaru. Sakamakon: ta rasu tsakanin shekaru 12,000 da 13,000 da suka wuce. Naia aka sa mata suna, ta rasu tana da kimanin shekara 15 ko 16.

Mai Nutso: Mai sha'awar irin waɗannan koguna ya kiyaye. Ana ɗaura igiya tun daga baki, a riƙe fitila uku, iska kuma a kasa ta uku: kaso ɗaya shiga, ɗaya fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Bugun ƙafa da ƙarfi na tayar da laka, nan take ka daina ganin tafin hannunka. Ƙashi kuwa kada a taɓa, gusar da shi kaɗan ma yana ɓata bincike. Ɓarnar masu shiga ba izini ce ta sa hukumar kula da kayan tarihi ta Mexico, INAH, ta fitar da ƙoƙon kan Naia a 2014.