Muhawara: Boila da hita masu tsimin gas za su jure wa Jos kuwa?

Alhaji Garba, ɗan kwangila: Assalamu alaikum. Masu gini a Rayfield da Lamingo sun fara tambayar boila (injin dumama ruwa da ɗakuna) da hitar gas irin na zamani, waɗanda ake cewa suna mayar da sama da kashi 90 cikin 100 na gas zafi. Ra'ayina shi ne sun fi tsofaffin saurin mutuwa, kuma saka su a Jos asarar kuɗi ce. Tsohuwar hita ba ta da komai sai bawul, kan wuta da batir biyu. Sabuwar ga fanka, ga allon lantarki, ga sensa kala-kala, ga bututun zubar da ruwa. Duk abin da ka ƙara, ka ƙara wurin lalacewa. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Injiniya Sani: Wa'alaikumussalam Alhaji. Batun yawan kaya kana da gaskiya, amma a fara sanin dalilinsu. In gas ya ƙone yana fitar da tururin ruwa a cikin hayaƙi. Tsohuwar hita tana sakin hayaƙin da zafinsa, shi ya sa take tsayawa a kashi 70 zuwa 80. Sabuwar tana bi da hayaƙin ta kan bututun ruwa mai sanyi har tururin ya koma ruwa, ya sauke zafinsa a ciki. Hayaƙin da ya huce ba ya tashi da kansa, dole fanka ta tura shi. Ruwan da ya ɗigo kuma mai tsami ne, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami, tsakanin 3 da 5, don haka ake yin tukunyar musayar zafin da bakin ƙarfe marar tsatsa ko alminiyum mai gaurayen silikon. Wannan ba sabon gwaji ba ne. Tun Afrilun 2005 dokar gini a Ingila da Wales ta wajabta irin wannan boila a gidaje, miliyoyin gidaje da ita suke ƙetare sanyi. Babban abin kunyar da ta yi musu shi ne ƙarshen Fabrairun 2018, lokacin da bututun ɗigon ya daskare a waje, injina suka kashe kansu. Mu ko a tsakiyar Janairu ruwa ba ya zama ƙanƙara a bututu.

Alhaji Garba: Ingila gas na zuwa ta bututu, wuta ba ta ɗaukewa, mai gyara na bayan gida. Ka kawo mu Jos, Injiniya.

Injiniya Rabi: Nan ne Alhaji ya fi ku ƙarfi, kuma daga gas ɗin ake fara faɗuwa. Yawancin injinan da ake shigowa da su an saita su ne a kan gas na bututu mai matsin milibar 20 (milibar ma'aunin matsi ne). Namu na silinda ne, gaurayen biyuten da furofen. Furofen yana aiki a milibar 37, biyuten 28 zuwa 30, kuma ƙarfinsu a kowace lita ya ninka na bututu fiye da sau biyu. Ka haɗa silinda ba tare da canza nozul ko saitin bawul ba, wuta za ta yi ja, baƙi ya toshe tukunya, kabon monoksaid, wato iska mai guba, ya hau. Wasu kamfanonin ma furofen zalla suka amince da shi, a duba littafin injin kafin a biya kuɗi.

Sai yawan ci. Kilo ɗaya na gas yana ba da kusan kilowat-awa 13.7. Boila mai kilowat 24 in ta buɗe wuta gaba ɗaya tana shan kusan kilo 1.8 a awa, wato silinda mai kilo 12.5 ba za ta kai awa bakwai ba. Kafin ma ta ƙare za a ga raɓa ta lulluɓe gindinta, domin ruwan gas ɗin yana jan zafi daga jikin ƙarfen kafin ya zama iska. Da asubar hunturu, in gari ya sauka kusa da digiri 10, biyuten da ke tafasa a wajen sifiri ba ya iya tashi da wannan sauri. Matsi ya faɗi, inji ya nuna lambar kuskure, mai gida ya ce boila ta lalace, alhali yunwa take ji. Maganinsa silinda mai kilo 50 guda biyu ko huɗu a jere kan bututu ɗaya, da regileta mai ɗaukar kilo 4 a awa. Regiletar girki ta kilo 1 ko 1.5 ba ta da hurumi a nan.

Malam Dauda mai aikin famfo: Hajiya ta gama da gas, ni ruwa zan taɓa. Tsayin ruwa na mita 10 shi ne matsin "ba" ɗaya ("ba" ma'aunin matsi ne). Tankin da ke mita 3 sama da shawa yana ba da 0.3 ke nan. Hita mai dumamawa nan take tana son ta ji lita 2 zuwa 3 na wucewa a minti kafin ta kunna, don haka ruwa mai rarrafe zai sa ta kunna ta mutu, ta kunna ta mutu, mai wanka yana ihu. Sai an sa famfon busta. Gaban injin kuma a sa filta, domin ruwan burtsatse da yashi da laka yake zuwa, kuma ƙaramin farfelan da ke auna gudun ruwa ƙwayar yashi kaɗan ke tsayar da shi.

Bututun ɗigon nan da Alhaji ke tsoro: na roba ake sawa, ba jan ƙarfe ba, da gangaren kusan santimita 5 a kowace mita. Boila tana iya ɗigar da lita ɗaya zuwa biyu a awa. Kada a sake shi kan daɓen siminti, zai ci shi. In zai shiga sokawe, a bi da shi ta ƙaramin gwangwanin tsakuwar farar ƙasa ya kashe tsamin. Tarkon ruwan da ke ƙarƙashin injin a cika shi kafin kunnawar farko, a wanke shi duk shekara. In ya bushe hayaƙi zai biyo ta nan, in ya toshe ruwa ya koma cikin tukunya.

Alhaji Garba: To ai hujjata kuke ta ƙarfafawa. Busta, filta, silinda huɗu, gwangwanin tsakuwa.

Malam Dauda mai aikin famfo: A'a ranka ya daɗe, busta da filta ko tsohuwar hitar tana buƙatarsu. Bambancin kawai ita ba ta da allon da zai faɗa maka abin da ke damunta.

Ɗanlami mai wayarin: Iyayena ku ba ni wuri, domin abin da ya fi kashe su a garin nan nawa ne. Cin wutarta kaɗan ne, wat 100 zuwa 150, amma allon ba ya son hawa da sauka, ga tsawar daminar Filato. Sitabilaiza da abin kare tsawa dole ne, in inbata ce ta zama mai tsabtatacciyar wuta. Akwai kuma abin da ke rikita masu gyara. Injin yana gane wuta ta kama ne ta wani siririn lantarki da ke ratsa harshen wutar ya sauka jikin ƙarfe zuwa wayar ƙasa. Ƙananan janareto da yawa nuturansu, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ba a haɗe yake da ƙasa ba. Sai a ga inji ya yi tartsatsi, wuta ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ya kashe, ya sake, a na uku ko na biyar ya kulle. Sai a yanke wa allo hukunci a sayo sabo, ciwon yana nan. A kafa sandar ƙasa mai kyau, ƙwararre ya haɗa nutural da ita a wajen janareton, a tabbatar ba a juya layif da nutural a soket ba.

Oga Bitrus, mai gyaran kayan gas: Ɗanlami ya faɗi gaskiya. Na ƙara abu biyu da littafin Turai ba ya damuwa da su. Jos tana kan tudun kusan mita 1,200, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da wajen kashi 12 cikin 100. Injin da aka rubuta 24 a jikinsa ba zai ba da 24 a Bukuru ba, kuma gaurayen iska da gas sai an sake daidaita shi da na'urar auna hayaƙi, ba da ido ba. Ana zura ta a bakin bututun hayaƙi, a kunna inji a ƙarshen ƙarfinsa da mafi ƙanƙantarsa, a juya sukurun bawul har adadin ya dace da na littafi. Masu wannan na'ura a garin nan ba su da yawa, kuma a ganina nan ne gaskiyar Alhaji take. Na biyu ƙurar hunturu. Lokacin da aka fi buƙatar injin shi ne lokacin da fanka ke zuƙo ƙura tana liƙa ta a farfela da ragar kan wuta. Sabis sau ɗaya a shekara bai isa ba, a yi a Nuwamba, a sake buɗewa a Maris.

Amma Alhaji, tsohuwar da kake yabo iskar ɗaki take shaƙa. In aka maƙala ta a banɗaki aka rufe taga saboda sanyi, kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi. Sabuwar a rufe take ruf, bututunta biyu ne ɗaya cikin ɗaya, milimita 60 a cikin 100, na waje ya jawo iska, na ciki ya fitar da hayaƙi. In ta ga abin da bai yi mata ba sai ta kashe kanta. Yawancin abin da ake kira lalacewa wannan ne.

Alhaji Garba: Na karɓi batun rai, ba a jayayya da shi. Amma a yi mini lissafin ribar.

Injiniya Rabi: Ga shi, kuma ba zai yi wa Injiniya Sani daɗi ba. Wanka ɗaya lita 40, a ɗaga zafinsa da digiri 25, yana cin kusan kilowat-awa 1.16. A inji mai kashi 95 giram 89 na gas ke nan, a mai kashi 80 giram 106. Bambanci giram 17. Gida mai mutum shida, kullum har shekara, kilo 37, wato silinda uku na 12.5. In watanni huɗun sanyi kaɗai ake kunnawa, silinda ɗaya. Fanka ɗaya ko allo ɗaya in ya ƙone ya cinye ribar shekaru. Ƙari a kan haka, gas na silinda tururinsa bai kai na bututu ba. Ƙarin zafin da ake iya tatsa daga tururin gas na bututu kusan kashi 11 ne, namu 8 zuwa 9.

Injiniya Sani: Lissafin daidai ne, Hajiya, amma na gida ɗaya ne. Ki ɗora shi a kan otal mai ɗaki 40, ko asibiti, ko makarantar kwana, inda ruwan zafi ke gudu dare da rana. A can ne kuɗin ke dawowa, kuma a can ne ake iya ajiye tankin gas babba da mai kula na dindindin.

Dumama ɗakuna kuwa akwai sharaɗin da masu sayarwa ba sa faɗa. Tururin ba ya komawa ruwa sai ruwan da ke dawowa daga radiyeta, wato ƙarfen da ke sakin zafi a ɗaki, ya sauka ƙasa da digiri 55, da gas ɗinmu ma ƙasa da haka kaɗan. Wanda ya saita ta a 80 ya biya kuɗin sabuwa yana cin aikin tsohuwa. A sa manyan radiyeta ruwa ya fita a 50 ya dawo a 40, ko a shimfiɗa bututu ƙarƙashin tayil a 35 zuwa 45. Kada kuma a sayi wadda ta fi ƙarfin gida. Sanyinmu ba na Turai ba ne, babbar boila za ta yi ta kunnawa tana mutuwa duk 'yan mintuna, wannan ne ke gajiyar da fanka da abin tartsatsi. A zuba maganin hana tsatsa a ruwan zagayen, a sa filta mai maganaɗisu ta kama baƙar lakar ƙarfe, matsi ya tsaya tsakanin "ba" 1 da 1.5 in inji ya huce.

Malam Dauda mai aikin famfo: Gidan mutum shida dai ni hitar rana zan ba shi shawara, da ƙaramar ta gas a wajen banɗaki don ranakun hazo da marka.

Alhaji Garba: Na sauko daga cewa ba su da ƙarko. Ban sauko daga cewa gidan zama ba ya buƙatarsu ba. Na otal ɗin fa, me zan rubuta a takardar kwangila?

Oga Bitrus, mai gyaran kayan gas: Ka rubuta cewa mai kawowa zai nuna shaidar kamfani cewa injin ya karɓi gaurayen gas ɗinmu, zai daidaita shi a wurin da na'urar auna hayaƙi ya bar maka sakamakon a rubuce, kuma zai haɗo da fanka ɗaya, allo ɗaya, sandunan tartsatsi biyu da gasket ɗin kan wuta a cikin kuɗin. Maimakon babba ɗaya a sa matsakaita biyu, in ɗaya ta tsaya baƙi ba za su yi wanka da ruwan sanyi ba. Silindu su zauna a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da bakin kwata da duk wani rami, domin gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. A maƙala ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin injin. Kashi na ƙarshe na kuɗin kuma kada ya fita sai injin ya yi aiki a kan janareto a gabanka.