Shin Alan Cottrell ya yi asarar baiwarsa da ya bar ɗakin bincike?

Injiniya: Jama'a, a ganina aikin Sir Alan Cottrell na gaske ya ƙare a 1965, da ya ajiye kujerar farfesan ƙarafa a Kambirij ya koma ba gwamnatin Birtaniya shawara. Gadonsa shi ne binciken da ya yi da abokin aikinsa Bruce Bilby a Jami'ar Bamingam a 1949. Shugabancin Kwalejin Jesus ta Kambirij da ya yi daga baya, da kuma na jami'ar daga 1977 zuwa 1979, wani ma zai iya.

Malama: Binciken kam babba ne, Injiniya. Ƙwayoyin kabon da naitirojin kan taru a inda jerin zarra ya goce cikin ƙarfe, su riƙe wurin gam. Sai an ja ƙarfen da ƙarfi wurin ya kuɓuce musu farat ɗaya, shi ya sa zane-zane ke fitowa a jikin farantin ƙarfe idan an matsa shi.

Mai matse faranti: Maganinsa a masana'anta: a sake murza farantin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 kafin a matsa. In ya yi makonni a ajiye, naitirojin ya koma mazauninsa, zanen ya dawo. Dalilin zuba alminiyam ko titaniyam tun ƙarfen yana narke ke nan, don su kama naitirojin. Masu ƙera mota ma sun mai da cutar magani: gasa fenti a digiri 170 na ma'aunin Celsius na minti 20 yana sa kabon ya sake riƙe wuraren da suka goce, ya ƙara wa ƙofa tauri.

Malama: Amma Injiniya, ka tsallake 1974. A Birtaniya ana son sayen tukunyar nukiliya ta samar da lantarki irin ta Amurka mai matsattsen ruwa, bangonta ya haura santimita 20. Cottrell ya ja kunne cewa tsagar da ke ɓoye cikin ƙarfe mai wannan kauri na iya kai girman da za ta dare gaba ɗaya tun ba a ga yoyo ba. Da yana ɗakin bincike, wa zai saurare shi? Daga baya kwamitin masana ƙarƙashin Walter Marshall ya bi lamarin, ya fitar da rahoto a 1976.

Injiniya: Me aka ci, Malama? Ƙirar gida da aka zaɓa a 1974 maimakon ta Amurka an yi watsi da ita a 1978, tashar Sizewell B mai tukunya irin ta Amurkan kuma sai 1995 ta fara aiki.

Mai matse faranti: Zaɓin na 'yan siyasa ne, Yallaɓai. Na Cottrell shi ne a duba kowace walda da na'urar sauti mai gano ɓoyayyar tsaga kafin a kunna tukunya, kuma haka aka yi a Sizewell.